Atenolol, Bisoprolol, Metoprolol, Carvedilol ko Propranolol: Wanne Ya Dace da Zuciyarka?

Idan ka duba kwalin maganinka ka ga sunansa ya ƙare da "lol", to galibi daga dangin magungunan zuciya da hawan jini da ake kira bita-buloka ya fito. Atenolol, bisoprolol, metoprolol, carvedilol, propranolol, nebivolol, labetalol, duk gida ɗaya ne. Wannan kamannin suna shi ke sa mutane da yawa su ɗauka cewa idan babu wannan, wancan ma ya yi. Ba haka abin yake ba. Akwai wanda aka tabbatar yana tsawaita ran mai gazawar zuciya, wato wanda zuciyarsa ta yi rauni ba ta tura jini yadda ya kamata, akwai wanda ba a taɓa tabbatar masa da hakan ba. Akwai wanda zai iya kai mai asma asibiti da ƙwaya ɗaya. Akwai wanda ake ba mai juna biyu, akwai wanda ake hana ta.

Zaɓin ƙarshe na likita ne, amma majinyacin da ya san bambancin yakan yi tambayar da ta dace, kuma ba ya yarda a musanya masa magani da ka.

Yadda suke aiki

Idan mutum ya tsorata ko ya yi gudu, jiki yana sakin sinadarin adiranalin. Shi ke sa zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi. Bita-buloka yana tare wuraren da adiranalin ke kamawa, sai ya zama kamar linzami a bakin doki: zuciya ta rage gudu, ta rage buƙatar iskar oksijin, ƙoda kuma ta rage sakin sinadarin renin mai ɗaga jini. James Black, masanin magunguna ɗan Sikotland, shi ya samar da propranolol a farkon shekarun 1960, kuma wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1988.

Wuraren kamun nan iri biyu ne. Na farko, bita-1, sun fi yawa a zuciya. Na biyu, bita-2, suna hanyoyin iska na huhu da jijiyoyin jini. Maganin da ya fi karkata ga na farko yana barin huhu ya sarara. Wanda ya tare duka biyun yana iya matse hanyar numfashi. Rabin bambancin da ke tsakanin magungunan nan daga nan ya taso.

Abubuwan da za a auna

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran duka nauyi: me ya sa aka rubuta maka? Hawan jini kaɗai ne, ko akwai ciwon ƙirji mai tasowa idan ka motsa, ko ka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ko zuciyar ta yi rauni ba ta tura jini yadda ya kamata, ko bugunta ya rikice yana gudu ba tsari? Kowanne da nasa amsar.

Sai huhu. Mai asma ya faɗa wa likita tun kafin a ɗaga biro, ko da rabonsa da tashin ciwon ya yi shekaru.

Sai daɗewar magani a jiki, wanda shi ke nuna sau nawa za a sha a rana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganin da ake sha sau uku a rana, mai aiki ko mai yawan tafiya zai riƙa tsallake na rana, kuma dangin nan ba ya son tsallake.

Sai ƙofar da magani ke fita daga jiki, ƙoda ko hanta. Sai kuɗi, kuma a nan lissafin wata ake yi, ba farashin ƙwaya ba: maganin sau biyu a rana ƙwaya 60 ne a wata, na sau ɗaya 30. Sai kuma sauran abubuwan da mutum ke ɗauke da su, kamar ciwon suga, juna biyu, shayarwa, da magungunan da yake sha tun farko.

Idan hawan jini ne kaɗai

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne aka fi samun ruɗani. Shekaru da dama atenolol na cikin magungunan da ake fara ba duk mai hawan jini. Sai manyan bincike biyu suka sauya tunanin likitoci. A binciken LIFE da aka buga a 2002, an gwada atenolol da losartan a kan masu hawan jinin da naman zuciyarsu ya yi kauri. Jinin ɓangarorin biyu ya sauka kusan daidai, amma shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100 a wajen masu shan losartan. A 2005 binciken ASCOT ya nuna cewa tsarin da aka gina a kan amlodipine ya fi wanda aka gina a kan atenolol kare mutane daga shanyewar jiki, kuma waɗanda suka kamu da ciwon suga a ɓangarensa ba su kai na atenolol yawa ba. A 2006 hukumar NICE mai tsara jagororin magani a Birtaniya ta cire bita-buloka daga sahun farko na maganin hawan jini.

Akwai kuma wani abu da ya shafi baƙar fata kai tsaye. Yawancin baƙaƙen fata masu hawan jini renin ɗinsu ba shi da yawa, don haka bita-buloka shi kaɗai ba ya sauke musu jini kamar yadda amlodipine ko magungunan ƙara fitsari na dangin tiyazayid ke yi.

Ba a yi watsi da su gaba ɗaya ba. Ƙungiyar masana hawan jini ta Turai ta mayar da su cikin manyan rukunoni a jagorarta ta 2023, musamman ga wanda ke da wani dalili na zuciya ko bugu mai sauri. Amma a ganina, duk wanda hawan jini ne kawai matsalarsa, kuma atenolol kaɗai yake sha tun da daɗewa, ya cancanci ya tambayi likitansa: shin har yanzu wannan ne mafi dacewa da ni? Tambaya ce kawai. Kada a ajiye magani kafin a ji amsa.

Atenolol

Ya fito a 1976. Yana cikin mafiya araha a dangin, kusan ko'ina ana samunsa, kuma sau ɗaya ake sha a rana, daga miligiram 25 zuwa 100. Ya karkata ga zuciya. Ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa munanan mafarkai da rashin barci ba su cika damun masu shan sa ba. Yana aiki ga ciwon ƙirji da rage saurin bugu.

Rauninsa uku ne. Ta ƙoda yake fita, don haka idan ƙoda ta yi sanyi sai ya taru a jiki, bugun zuciya ya faɗi ƙasa. Tsofaffi ne wannan ya fi kamawa. A wasu mutane ƙarfinsa yakan ragu kafin awa 24 ta cika. Kuma ba ya cikin waɗanda aka tabbatar suna tsawaita rai a gazawar zuciya. Mai juna biyu ana kauce mata shi domin an danganta shi da ƙarancin nauyin jariri, yana kuma shiga nono da yawa.

Bisoprolol

Idan aka ce in nuna guda ɗaya da ya fi haɗa sauƙi da hujja, shi zan nuna. Yana cikin waɗanda suka fi karkata ga zuciya. Rabinsa yana ɗaukar awa 10 zuwa 12 kafin ya bar jini, don haka ƙwaya ɗaya da safe tana kai mutum washegari. Rabi ta hanta yake fita, rabi ta ƙoda, idan ɗaya ta ɗan gaza ɗayar tana taimakawa. A binciken CIBIS-II na 1999 ya rage mace-macen masu gazawar zuciya da kashi 34 cikin 100, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa domin amfanin ya fito fili. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya ɗan fi atenolol kuɗi, amma ba tsada mai hana saye ba.

Mai gazawar zuciya ana fara masa da miligiram 1.25, ƴar ƙwaya ƙanƙanuwa da mutum zai iya rainawa. Daga nan ake hawa a hankali, mako bayan mako, har zuwa 10 idan jiki ya ɗauka. A makonnin farko wasu sukan ji kamar sun ƙara lalacewa: kasala, ƙafa ta yi nauyi a kan matakala, numfashi ya ɗan ƙara wuya. Da yawa a nan suke karaya su daina, alhali amfanin yakan bayyana ne bayan wata biyu zuwa uku. Abin yi shi ne a koma wa likita ya daidaita, wataƙila ya ƙara maganin fitsari ko ya jinkirta hawan.

Metoprolol

Wannan a gaskiya magani biyu ne da suna ɗaya, kuma sai ka karanta kalma ta biyu a jikin kwali kafin ka san wanne ke hannunka. Metoprolol tartrate yana saurin barin jiki, yawanci sau biyu ake sha a rana, kuma yana da araha. Metoprolol succinate an yi shi ne ya riƙa narkewa a hankali, sau ɗaya a rana, ya fi tsada, ba a taunawa, ba a niƙawa. Hujjar gazawar zuciya, ta binciken MERIT-HF na 1999 da shi ma ya nuna ragin kashi 34 cikin 100, ta succinate ce. Idan an rubuta maka succinate aka miƙo maka tartrate, kada ka karɓa sai ka ji ta bakin likita.

Hanta ce ke sarrafa shi, wanda ya sa ya dace da mai ciwon ƙoda. Amma wasu magunguna, irin su fluoxetine da paroxetine na ciwon damuwa, suna rage wa hanta saurin sarrafa shi, sai ƙarfinsa ya ninka. Yana ɗan shiga ƙwaƙwalwa, wasu sukan yi ƙorafin mafarkai.

Carvedilol

Ba ya zaɓe, yana tare bita-1 da bita-2, sannan yana da ƙari: yana buɗe jijiyoyin jini. A binciken COPERNICUS na 2001, wanda aka yi a kan masu gazawar zuciya mai tsanani, ya rage mace-mace da kashi 35 cikin 100. Ga wanda zuciyarsa ta yi rauni kuma jininsa yana sama, carvedilol yana jifar tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kuma ba ya dagula sugan jini kamar atenolol da metoprolol.

Farashin wannan ƙarin shi ne jiri. Mutum ya miƙe daga kwance da sauri sai ya ga duhu-duhu. Shi ya sa ake shan sa tare da abinci, domin ya shiga jini a hankali, kuma ake farawa da miligiram 3.125 sau biyu a rana kafin a kai 25 sau biyu. Mai asma ba nasa ba ne. Wanda jininsa dama ƙasa-ƙasa yake, bisoprolol ko metoprolol succinate sun fi masa sauƙin ɗauka.

Propranolol

Shi ne kakan dangin, mai araha ƙwarai, amma yau aikinsa ya fi yawa a wajen zuciya. Ana ba da shi don hana tashin ciwon ɓarin kai, don rawar hannu, don bugun zuciya da karkarwar da ke zuwa idan ƙwayar maƙogwaro ta tayiroyid ta yi aiki fiye da kima, da kuma kare jijiyoyin maƙoshi daga fashewa ga masu ƙanƙancewar hanta. Irinsa na yau da kullum sau biyu ko uku ake sha a rana. Yana shiga ƙwaƙwalwa fiye da sauran, yana sanyaya hannu da ƙafa, yana matse huhu, kuma idan aka sha shi fiye da kima yana cikin mafiya haɗari a dangin. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Don hawan jini zalla, ban ga dalilin zaɓensa ba.

Nebivolol da labetalol

Nebivolol shi ne ƙaramin ɗa. Ya karkata ga zuciya sosai, yana kuma buɗe jijiyoyi, sau ɗaya a rana, yawanci miligiram 5. An gwada shi a kan masu gazawar zuciya ƴan shekara 70 zuwa sama a binciken SENIORS na 2005, ya yi amfani, ko da yake hujjarsa ba ta kai ta bisoprolol, metoprolol succinate da carvedilol ƙarfi ba. Mazan da atenolol ko metoprolol ya taɓa musu ƙarfin mazakuta, wasu likitoci sukan mayar da su kansa. Matsalarsa tsada, kuma ba ko'ina ake samu ba.

Labetalol kuwa wurinsa sananne ne: hawan jini lokacin juna biyu, da allurar gaggawa a asibiti idan jini ya hau sosai. Sau biyu ko uku a rana. Shi ma ba na mai asma ba ne.

| Magani | Karkata ga zuciya | Sau nawa a rana | Hanyar fita | Kuɗi | Inda ya fi ƙarfi | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Atenolol | E | 1 | Ƙoda | Araha sosai | Ciwon ƙirji, saurin bugu | Raunin ƙoda, juna biyu |
| Bisoprolol | E, sosai | 1 | Hanta da ƙoda | Matsakaici | Gazawar zuciya, ciwon ƙirji | Kasala a farko |
| Metoprolol tartrate | E | 2 | Hanta | Araha | Saurin bugu, ciwon ƙirji | Ba madadin succinate ba ne |
| Metoprolol succinate | E | 1 | Hanta | Ya fi tsada | Gazawar zuciya | Ba a taunawa |
| Carvedilol | A'a | 2 | Hanta | Matsakaici | Gazawar zuciya da hawan jini | Jiri, asma |
| Propranolol | A'a | 2 zuwa 3 | Hanta | Araha sosai | Ciwon ɓarin kai, rawar hannu | Asma, mafarkai |
| Nebivolol | E, sosai | 1 | Hanta | Mai tsada | Tsofaffi masu gazawar zuciya | Wahalar samu |
| Labetalol | A'a | 2 zuwa 3 | Hanta | Matsakaici | Juna biyu | Jiri, asma |

Haɗarin da duk suka yi tarayya a kai

Mafi girma shi ne dainawa kwatsam. Idan mutum ya daɗe yana sha, zuciya takan ƙara yawan wuraren kamun adiranalin. Ranar da magani ya ɓace gaba ɗaya, sai ta ɗauki gudu fiye da na da, jini ya hau, ciwon ƙirji ya dawo, kuma ga mai ƙuntatacciyar jijiya abin na iya kaiwa ga toshewa. Idan za a daina, ana ragewa ne a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, bisa tsarin likita. Shi ya sa nake ganin sauƙin samun magani ma'auni ne na gaske. Gara mai kyau da za ka iya saye kowane wata da mafi kyau da zai riƙa yankewa. Ka sake saye tun da sauran ƙwayoyin mako guda a hannunka.

Koyi ƙirga bugunka. Ka zauna ka huta minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Saukar bugu zuwa 55 ko 60 abin da ake tsammani ne. Idan ya yi ƙasa da 50, musamman tare da jiri, suma ko matsanancin kasala, a nemi likita a ranar.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan magani irin su glibenclamide ya sani cewa bita-buloka yana ɓoye alamun faɗuwar suga. Bugun zuciya da karkarwar da suka saba yi masa gargaɗi ba za su zo ba. Gumi ne kawai alamar da takan saura. Idan ya ji zufa ta keto masa ba dalili, ya gwada suga nan take.

Haɗa bita-buloka da verapamil ko diltiazem na iya rage bugu zuwa matakin haɗari, ba a yi sai da sa idon likita. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna rage masa ƙarfin sauke jini, suna kuma tara ruwa a jikin mai gazawar zuciya. Wani abin da ake yawan mantawa: maganin ɗigawa a ido na timolol, da ake ba masu hawan jinin ido, shi ma ɗan dangi ne, yana shiga jini, yana iya tayar da asma. A ambace shi idan likita ya tambayi magungunan da ake amfani da su.

Wa ya kamata ya karkata ina

Mai gazawar zuciya da awo ya nuna ƙarfin tura jininta ya ragu zuwa kashi 40 cikin 100 ko ƙasa: bisoprolol, metoprolol succinate ko carvedilol. Idan jini yana sama ko akwai suga, carvedilol; idan jini yana ƙasa, ko akwai cutar toshewar huhu irin ta masu shan taba, ko mutum mai mantuwa ne, bisoprolol. Ba a fara su lokacin da ƙafa ta kumbura, huhu ya cika da ruwa, sai an fara janye ruwan.

Wanda ya samu toshewar jijiyar zuciya kuma zuciyar ta yi rauni, ɗaya daga cikin ukun nan ne. Idan zuciyar ta fita da ƙarfinta, maganar ta fara sauyawa: binciken REDUCE-AMI na 2024, da aka yi galibi a Suwidin a kan mutane kusan 5,000, bai ga ƙarin kariya daga bita-buloka ga irin waɗannan ba. Wannan abin tattaunawa ne da likitan zuciya bayan an yi hoton zuciya.

Mai ciwon ƙirji ko bugu mai gudu ba tsari: bisoprolol ko metoprolol, atenolol kuma idan ƙoda lafiya lau take kuma aljihu ya matse. Mai raunin ƙoda: metoprolol, carvedilol, ko bisoprolol da aka daidaita. Mai juna biyu: labetalol, sai dai idan tana da asma, a nan nifedipine ko methyldopa ake komawa. Mai shayarwa: labetalol, metoprolol ko propranolol sun fi atenolol. Mai hawan jini da ciwon ɓarin kai ko rawar hannu: propranolol, ko metoprolol idan ɓarin kai ne kawai.

Mai asma: propranolol, carvedilol da labetalol a rufe suke. Idan zuciya ta tilasta, likita na iya gwada bisoprolol ko nebivolol a ƙaramin awo, da maganin shaƙa a kusa. Mai hawan jini zalla, ba ciwon zuciya, ba saurin bugu: amlodipine, maganin fitsari na tiyazayid, ko dangin losartan da lisinopril su ne a gaba, bita-buloka ya zo daga baya idan waɗancan sun kasa sauke jinin.